Wane takunkumin CPAP ne ba ya cin karan hanci?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Sati uku ke nan da likita ya ɗora ni a kan injin CPAP, mai hura iska ta takunkumi don kada numfashi ya yanke cikin barci, bayan gwajin barci ya nuna numfashina yana yankewa fiye da sau 30 a awa ɗaya. Minsharin ya tafi, alhamdu lillahi, amma takunkumin da aka haɗo min da shi, mai rufe hanci da baki, ya sale min karan hanci. In na cire da asuba sai ka ce tsaga aka yi min. Wanne kuke sawa?

Na Fagge: Wa alaikumus salam. P10 na ResMed. Shekara biyu, ban waiwayi wani ba.

Baban Ummi: Yaya yake?

Na Fagge: 'Yan robobi biyu ne masu laushi, suna zama a bakin kafofin hanci, sai siririyar igiya ta zagaya ƙeya. Ba abin da ke taɓa karan hanci. Da tabarau ma kana iya karatu kafin barci.

Anti Nas: Kafin kowa ya tura shi kasuwa, Baban Ummi, da baki buɗe kake kwana? Kana tashi maƙogwaro a bushe? Kuma a nawa aka saita maka ƙarfin iskar?

Baban Ummi: A 12 yake, Anti. Batun baki kuwa sai na tambayi uwargida.

Kawu Direba: Ɗana, zauna ka ji tawa, don kuɗin takunkumi uku na ƙona kafin na yi hankali. Na farko irin naka ne. Iska na hucewa ta gefe tana hura min ido, ni kuma duk dare sai in ƙara tamke maɗaurin, ina ganin maganin ke nan. Ashe ɓata shi nake yi. Robar nan an yi ta ne don iskar injin ta kumbura ta, ta lafe a fata da kanta. In ka matse ta sai ta lanƙwashe, yoyon ya ƙaru, ga ciwo. Wata guda ina yawo da filasta a hanci, yaran tasha suna tambaya ko dambe na koma.

Na biyu ta intanet na saya, ban auna fuska ba, na ce ai ni ƙato ne, babba zan ɗauka. Da ya iso sai ga shi yana neman rufe min ido. Mai kayan ya ce an riga an buɗe leda, ba ya karɓa. Ashe girman jiki daban, girman fuska daban, kuma kamfanonin suna da takardar awo da ake bugawa a kara a fuska. Ba wanda ya gaya min.

Amma wautar da ta fi ita ce ta ƴan ƙananan hujojin nan na gaba. Na ji iska na fita ta nan, na ɗauka lalacewa ce, na samu salatif na liƙe su tsaf. Na tashi da ciwon kai kamar an buga min taɓarya. Yanzu dai mai rufe hanci kaɗai nake sawa, matsakaici, kuma a kwance nake daidaita shi injin na aiki, don fuskar mutum a zaune ba ita ce fuskarsa a kwance ba.

Anti Nas: Inna lillahi! Kawu, ta hujojin nan ne iskar da ka fitar take ficewa. Ka toshe su, ka dinga shaƙar abin da ka fesar ke nan. Don Allah kada kowa ya gwada.

Kawu Direba: Ai na tuba, 'yata.

Ɗan Birni: Kawu bai faɗi gaskiyar magana ba. Gemun ne matsalar. A rage shi kawai a huta.

Malam Ƙarami: A'uzu billahi. Saboda roba za a taɓa sunna?

Ɗan Birni: Na ce a rage, Malam, ban ce a kwashe ba.

Malam Ƙarami: Nawa ya kai kamu guda kuma ba digon iskar da ke fita. Masu gemu su nemi na kafar hanci irin wanda Na Fagge ya faɗa, ba ruwansa da gemu balle saje. Gashin baki kawai nake saisayewa, wannan kuwa dama an umarce mu.

Ɗan Birni: To in mutum mai gemu ne kuma da baki yake numfashi fa?

Malam Ƙarami: Akwai maɗaurin haɓa, mai riƙe baki a rufe.

Maman 'Yan Biyu: Maigidana ne mai sawa, ni ce mai gadi. Shi juyi yake kamar ana gasa masara, tiyon ya naɗe masa wuya sau nawa. Da muka koma irin wanda tiyon ke fita ta tsakar ka, DreamWear, sai aka samu lafiya, robar ma a ƙarƙashin hanci take zama. Ni abin da ya dame ni a da, iskar da ke fita tana hura min fuska har gari ya waye.

Na Fagge: Hajiya, a wannan zafin ai fanka ce kyauta.

Anti Nas: Baban Ummi, in ya tabbata da baki kake numfashi, ba sai ka bar mai rufe baki ba. Akwai F30, yana rufe baki ya tsaya a ƙarƙashin hanci, ba ya hawa karan. Akwai kuma AirTouch F20 mai soso maimakon roba, ya fi taushi, sai dai ba a wanke sosonsa da ruwa, gogewa ake yi, kuma kusan duk wata ake canza shi, ka lissafa da aljihunka. Abu ɗaya: waɗannan biyun maɓallansu na maganaɗisu ne. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, ko wanda matarsa ke da ita, ya faɗa wa likita tukuna.

Baban Ummi: Zai shiga injina kuwa? Ba kamfani ɗaya ba ne.

Na Fagge: Bakin tiyo ɗaya ne, milimita 22. Sai dai ƙaramin injin tafiya, AirMini, shi ne mai nasa daban.

Alhaji Sola: Duk kuna ta takunkumi, ku jira hunturu. Na kafar hancin nan ba tare da tururin tukunyar ruwan injin ba, haɓo za ka yi.

Ɗan Birni: Tururin ne ke shanye batir. In na kunna tukunyar ruwan, kafin ƙarfe uku inbata ta fara kuka.

Alhaji Sola: Batirinka ne ya mutu, tun bara nake gaya maka.

Ɗan Birni: Kai dai ciniki kake nema, Alhaji.

Kawu Direba: Ni ina zuba ruwan amma ba na kunna zafin. Ya fi babu. Ruwan batir nake sawa.

Anti Nas: Kawu! Wane ruwan batir kuma? In ka aiki yaro da wannan sunan wata rana asid zai kawo maka. Tataccen ruwa ake nema, a tambaya a kemis. Na rijiya da na famfo suna barin farin gishiri a tukunyar. Kuma kada a shafa basilin a hanci, yana lalata robar, ba a kuma son a shaƙe shi. A wanke fuska kafin a kwanta, robar kuma a wanke ta kullum da sabulu marar ƙamshi.

Maman 'Yan Biyu: Sabulun jarirai muke amfani da shi.

Baban Ummi: Na tambayo. Ta ce bakin a buɗe yake har ƙuda zai iya shiga ya fita.

Na Fagge: To na janye P10.

Malam Ƙarami: Kada ka janye, maɗaurin haɓa na nan.

Alhaji Sola: Ɗan Birni, batir nawa ne a kan inbatar taka? Turo min hoton ta bayan fage.