Sassabin zamani: me ke kashe tohon kututture a ranin farko?

Mai tambaya, daga Daura: Salamu alaikum jama'a. An yi sassabin zamani, wato an bar tohon kututturen sabara da kalgo lokacin sharar gona don ya girma ya zama itace, amma kafin bazara rabi ya lalace. Waɗanda suka san aikin, ina matsalar take?

Manomi, yankin Maradi: Wa alaikumus salam Malam. Yawanci daga yankan ne. A kututture ɗaya a zaɓi toho 3 zuwa 5 mafi miƙewa da kauri, a cire sauran. Rassan gefe a sare su zuwa rabin tsawon itacen kawai. Wanda ya aske shi har kai, iska za ta karya shi ko akuya ta lanƙwaso shi. Adda ta zama mai kaifi, saran kuma daga ƙasa zuwa sama. In aka saro daga sama ɓawon yakan yage, nan gara da ruɓa ke shiga. A ɗaure tohon wuri guda da ɓawon kalgo, a dawo a gyara bayan wata 2 zuwa 6. Saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, shi ya sa toho ke tsere wa dashe.

Wata mai kiwo, Damagaram: Baba ya faɗi gaskiya, amma gawo daban yake. Shekarunsa na farko ba ya sauri, ga dabbobi na sonsa, dole a kewaye shi da ƙayar magarya. Yana kaɗe ganye da damina, don haka gero ba ya rasa rana a ƙarƙashinsa, 'ya'yansa kuma abincin tumaki ne da rani.

Ma'aikacin gandun daji, kudancin Kaduna: A nan wuta ce ta fi akuya ɓarna. Ciyawa doguwa ce, gobarar Fabrairu takan cinye ƙananan kaɗanya da ɗorawa ƙurmus. A share layin tare wuta, a yi ƙunar farko a Nuwamba ciyawa na da ɗanye-ɗanye. Kaɗanya kan kai shekara 15 kafin ta yi 'ya'ya, wuta ɗaya ta mayar da kai farko. Batun kabon (sinadarin da itace ke zuƙa daga iska ya adana) da ƙungiyoyi ke yawan kawowa: kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kuma a busasshiyar ƙasa kaso mai yawa yana cikin saiwa. Tumɓuke kututture don gawayi ya fi sare reshe asara nesa ba kusa ba.

Manomi, yankin Maradi: Akwai kuma ɓarayin dare. Tun 1983 da Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya, ya fara wannan aiki a Maradi, inda aikin ya kama shi ne inda manomi ya tabbata itacen nasa ne. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Maradi kwamitin gari ne ke sa ido, da mata da Fulani makiyaya a ciki. Nijar ta fitar da doka a 2020 da ta amince wa manomi da itacen da ya rena.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Hajiya, ƙayar sai yaushe ake cire ta?

Mai kiwo: Sai kan itacen ya wuce inda akuya ke kaiwa in ta miƙe a ƙafa biyu. In hanyar raƙuma ce, ƙara masa shekara.