Tagwayen da ba sa kama da juna: tangarɗa ce ko haka halitta take?

Ummu Safiyya:
Assalamu alaikum. Shekaruna 37. Hoton ciki ya nuna yara biyu, kowa da jakarsa, kowa da mabiyiyarsa, likita ta ce da alama ƙwai biyu ne daban. Amma a katin awo ta rubuta cewa ciki ne mai haɗari. Ƙanwar maigidana na gani ta ce ai dama mahaifar ɗan Adam ta ɗa ɗaya ce, sakin ƙwai biyu tangarɗa ce a jiki. Mahaifiyata ma ta haifi tagwaye, mace da namiji, lafiya lau. To wai ciwo muke gado?

Anti Larai, ungozoma:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ki kwantar da hankalinki, ba ciwo ba ne. Yawanci mace ƙwai ɗaya take saki a wata, amma wani lokaci sinadarin FSH, mai nunar da ƙwai, yakan yi yawa, biyu su nuna tare, kowanne ya haɗu da nasa maniyyin. Shi ya sa kamarsu ba ta wuce ta wa da ƙani. Sinadarin nan yana ƙaruwa idan mace ta haura 35, ga ki kuma da gado ta wajen uwa. Abu biyu sun haɗu miki.

Maganar katin kuma, gaskiya likita ta rubuta. Cikin tagwaye ya fi saurin kawo hawan jini, ƙarancin jini da haihuwar bakwaini. Nauyin ɗaukar biyun ne ke kawo haka, ba wai ƙwan ya samu matsala ba. Kada ki tsallake awo ko ɗaya, ki riƙe maganin ƙarin jini, in kuwa kika ji ciwon kai mai tsanani, ko ido na dishi-dishi, ko fuska ta kumbura, ki tafi asibiti a ranar.

Malam Bashir:
Anti ta gama magana, ƙari kawai zan yi. Tagwaye masu kama ɗaya, na ƙwan da ya rabe biyu, kusan 3 zuwa 4 ne cikin haihuwa 1,000 ko'ina a duniya. Marasa kama su ne yawansu ke hawa da sauka: sun fi yawa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, sun yi ƙaranci a gabashin Asiya. A 2016 masu bincike sun gano ƙwayoyin gado biyu, FSHB da SMAD3, masu alaƙa da hakan. Abin da ake gado, yake bambanta tsakanin al'ummomi kamar tsayi da gajarta, ni ban ga yadda za a kira shi tangarɗa ba.

Ummu Safiyya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, maigidan ya ce a danginsu ma akwai tagwaye, wai daga shi ne.

Anti Larai, ungozoma:
Ki bar shi ya yi murna, amma ba shi ya saki ƙwan ba. Iyakarsa ya gadar wa 'ya'yansa mata. Allah ya sauke ki lafiya.