Buhu ya fita daga sito amma bashi bai hau kan kowa ba

ɗan_ƙauye_Ringim:
Slm jama'a, don Allah masana PHP ku agaza kafin kawu ya karɓe wayarsa ya koma littafi. Shagon taki gare shi a ƙauyenmu nan wajen Ringim, yuriya da NPK da maganin feshi, kuma rabin cinikin damina bashi ne sai kaka a biya. Na haɗa masa ƴar manhaja da Laravel (kayan gina manhaja a yaren PHP) da MySQL (ma'ajiyar bayanai), yaron shago ke shigarwa ta waya. In ya danna "sayar" abu uku take yi, ta rubuta ciniki, ta rage buhu a sito, sannan ta ɗora bashin kan manomin. To ran Asabar muka zauna lissafi, manhaja ta ce buhu huɗu sun fita, muka ƙirga da hannu haka ne, amma ba sunan kowa a bashi. Kawu ya dube ni ta saman tabarau bai ce uffan ba, wlh gara ya yi faɗa. Yaron kuwa sai rantsuwa yake. Netwok ɗinmu dama sai ka tsaya gindin darbejiyar bakin masallaci. Ina matsalar take?

tsohon_mai_kod:
Ƙanena fara ba yaron nan haƙuri tukunna, laifinka ne ba nasa ba. Tambaya ɗaya, abu ukun nan saƙo ɗaya waya ke turawa saba (kwamfutar da ke ajiye bayanan) ko uku daban daban? Inaga uku ne, na biyu ya wuce na uku ya maƙale a hanya. MySQL kuwa a yadda yake zuwa duk umarnin da ka ba shi nan take yake tabbatar da shi, ba ruwansa da cewa akwai saura.

Tiranzakshan kake buƙata, wato a ɗaure rubutun ukun wuri guda, ko duk su shiga ko kar ko ɗaya ya shiga. Ka taɓa tsayawa cinikin rago a kasuwar Maigatari ran Alhamis? Ana taya ana albarka, mai saye har ya riƙe igiya, amma muddin mai rago bai ce na sallama ba ciniki bai faɗa ba, in aka watse kowa da abinsa. COMMIT shi ne na sallama, ROLLBACK shi ne an fasa. Ka mai da saƙon ya zama ɗaya, a can saba ka zuba rubutun ukun cikin DB::transaction(), in ɗaya ya faɗi duk su koma yadda suke. Kuma kar ka sa try da catch a ciki ka haɗiye kuskuren, don Laravel sai ya ga kuskure ya fito fili sannan yake warwarewa, in ka ɓoye masa zai ɗauka lafiya lau ya sallama.

ɗan_ƙauye_Ringim:
Yaya ka canka, uku ne. Na haɗe su na sa tiranzakshan ɗin, sai na gwada na lalata na ukun da gangan, ciniki ya goge amma buhun har yanzu a rage yake bai dawo ba. Ko aljanu ne a teburin nan hhh

ƴar_Kazaure:
Ba aljanu malam, buɗe phpMyAdmin, shafin duba teburan MySQL, ka duba injin teburin sito ɗin, wato tsarin da yake ajiye bayanai da shi, ko ka buga SHOW TABLE STATUS. Na tabbata MyISAM za ka gani. Shi bai san wani abu wai shi ROLLBACK ba, abin da ka rubuta ya zauna kenan. Injin InnoDB ke da tiranzakshan, kuma tun MySQL 5.5 shi ne ke zuwa kai tsaye, amma in ka kwaso tsohon fayil ɗin tebur daga wani wuri da injinsa yake tahowa. Ka fara ajiye kwafi, sannan ALTER TABLE sito ENGINE=InnoDB. Ni ma na taɓa kwana biyu ina zagin kod ɗina a kan wannan.

tsohon_mai_kod:
Gaskiyarki. Saura ɗaya tunda ga taki ana rububi, ranar da kawu da yaron za su danna lokaci guda saura buhu biyar, kowa ya ga biyar ya sayar da huɗu. Tiranzakshan kaɗai ba ya hana wannan in karantawa kake ka rage a PHP ka mayar. Ko ka sa lockForUpdate() lokacin karanta layin don ya kulle shi har ka gama, ko ka bar MySQL ya yi ragin da kansa, UPDATE sito SET adadi = adadi - 4 WHERE id = 7 AND adadi >= 4, in ba layin da ya canza ka jefa kuskure. In kana tura wa manomi tes na bashinsa sai bayan COMMIT, tes ɗin da ya fita ba ROLLBACK ɗin da zai dawo da shi.

ɗan_ƙauye_Ringim:
MyISAM ne kuwa Anti, na juya shi ya yi. Ngd sosai. Buhu huɗun ma yaron ya tuno uku, wani mai noman rani ne ya ɗauka a baro. Na huɗun kawu ya ce a rubuta a kaina.