Mece ce ƙa'idar hargitsi, kuma yaya zan gwada ta da kaina?

Sabon Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Don Allah masana lissafi ku fahimtar da ni ƙa'idar hargitsi. An ce abu na bin doka tsaf, amma ba a iya hasashen inda zai ƙare. Yaya hakan zai yiwu?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Dokar ba ta canzawa, ɗan'uwa, awonmu ne ba ya taɓa cika daidai. A irin wannan tsari, ɗan kuskuren da ke cikin lambar farko sai ya yi ta ninkuwa har ya cinye amsar. A 1961 Edward Lorenz na jami'ar MIT da ke Amurka yana gwajin yanayi da kwamfuta, sai ya maimaita wani gwaji da ya riga ya yi, amma ya shigar da 0.506 maimakon 0.506127. Da farko sakamakon biyu sun tafi tare, can gaba suka rabu kwata-kwata.

Injiniya:
Buɗe Excel. Sa 0.2 a A1, rubuta =4*A1*(1-A1) a A2, ka ja shi ƙasa har layi na 40. Yi haka a B, amma fara da 0.2001. Tazarar da ke tsakaninsu tana ninkuwa kusan sau biyu a kowane layi, kafin layi na 20 babu abin da ya haɗa su.

Kada ka fara da 0.5, domin zai ba ka 1, daga nan sifili har ƙarshe. 0.75 kuma tsayawa yake cak. Sannan ka canza 4 ɗin: da 2.8 lambar za ta zauna a 0.643, da 3.2 za ta riƙa kai-komo tsakanin 0.513 da 0.799. Hargitsin yana farawa ne wajen 3.57. Wannan lissafin masanin kimiyya Robert May ya yi bayaninsa a 1976 kan yawan dabbobi.

Mai Nazarin Yanayi:
Madalla, Injiniya. Mutane kan ɗauka ƙarin daidaito a awo zai magance matsalar. A gwajin nan, in ka rage kuskuren farko sau goma, layi 3 kacal za ka ƙara samu kafin su rabu. Haka lamarin iska yake: na'urori sun inganta sosai, amma hasashen yanayi na rana-rana da wuya ya wuce mako biyu. Batun ko kaɗa fiffiken malam-buɗe-littafi a Brazil zai iya tayar da guguwa a Texas ta Amurka, wanda Lorenz ya kawo a 1972, wannan yake nufi: ƙaramin motsin da ba a auna ba ya isa ya ɓata hasashen.