Shawarwarin masu renon furen okid na Brassavola nodosa

Okid tsiro ne da ake renonsa don furensa. Masu renon wannan nau'in sun yi ittifaki cewa da hanci ake tabbatar da shi. Da rana ba ya ƙamshi, sai bayan magariba yake bugowa kamar furen lemo. Asalinsa daga Meziko ne zuwa Kolombiya. Kowane kara ganye ɗaya gare shi, mai kauri, siriri, da tsagi a tsakiya. Furen kore-kore ne mai haske, leɓensa, wato faffaɗan ɓangarensa na ƙasa, fari mai siffar zuciya.

An fi jan kunne kan ruwa. A daji jikin itace yake manne wa, saiwarsa a sarari, don haka ƙasar lambu kashe shi take yi. A ɗaure shi jikin ɓawon itace, ko a sa shi a kwando da gutsattsarin gawayi. A jiƙa shi da safe, kada a ƙara sai saiwar ta bushe ta yi fari. In ta yi baƙi ta yi laushi, ruwa ya yi yawa. A yanke ruɓaɓɓiyar saiwar.

Idan ganyen ya yi kore shar amma babu fure, haske ya yi kaɗan. Jajayen ɗigo a ganye kuwa alama ce hasken ya isa. Taki rubu'in abin da aka rubuta a kwalba ya wadatar.