Tayar da mara lafiya daga gado zuwa kujera: abin da kowa ya gani da idonsa

Mai jinyar mahaifinsa, Zariya:
Assalamu alaikum. Mahaifina ya gamu da shanyewar ɓarin jikinsa na dama makonni uku da suka wuce, kuma ni da ƙanena ne muke kwana da shi a asibiti. Ranar da aka ce mu fara zaunar da shi a kujera, sai kowannenmu ya zura hannu a hammatarsa muka ciccibe shi gaba ɗaya, muna ganin mun yi abin kirki. Baba mutum ne mai dauriya, amma a ranar sai da ya yi ƙara, kuma tun daga lokacin kafaɗarsa ta dama ba ta daina ciwo ba. Babu wanda ya taɓa nuna mana yadda ake yi, ga shi kusan duk ɗagawa da juyawa a hannun masu jinya suke. Ina roƙon waɗanda suka san aikin, da waɗanda suka taɓa jinya, su faɗa mana abin da suka gani.

Likitan fisiyo (mai kula da motsa jiki da gaɓoɓi), Kano:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da ya same ku shi ne abin da na fi yawan gani a wurin aiki, don haka kada ku ɗora wa kanku laifi. Kafaɗa gaɓa ce da tsoka ke riƙe da ita fiye da ƙashi, saboda haka idan ɓarin jiki ya shanye tsokar ta saki, nauyin hannun kaɗai yana iya janyo kan ƙashin ya ɗan zame daga mazauninsa, balle a ce an rataya nauyin mutum duka a kansa. Daga yau hannun nan na dama ba abin ja ba ne, abin tallabewa ne, kuma idan yana zaune ku sa masa matashi a ƙarƙashinsa.

Yadda nake koya wa masu jinya shi ne a fara ajiye kujerar a ɓangarensa mai ƙarfi, wato hagu, dab da gado, kuma idan keken marasa lafiya ne a danne birkinsa a ɗage wurin ɗora ƙafa. Sai a juya shi ya kwanta a gefensa, a sauko da ƙafafunsa, a taimaka masa ya zauna a bakin gado har tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai. Kai kuma ka tsaya a gabansa ka buɗe ƙafafunka, ka lanƙwasa gwiwa, ka tokare gwiwarsa mai rauni da taka, ka riƙe shi ta ƙugu. Ka ce masa ya sunkuyo gaba, ku ƙirga ɗaya, biyu, uku tare, sannan ya miƙe da ƙarfin ƙafarsa mai lafiya, ku juya a hankali zuwa kujera. Kada ka yarda ya rungumi wuyanka, domin idan ƙafarsa ta lanƙwashe, da wuyanka zai tafi. Na sha ganin 'ya'ya suna yi wa iyayensu komai saboda tausayi, alhali duk ɗan abin da mara lafiya ya yi da kansa yana cikin maganinsa. Amma ku sa likitan da ke duba shi ya ga kafaɗar, ya kuma tabbatar cewa ƙafarsa ta kai ta ɗauki nauyinsa.

Ma'aikaciyar jinya, sashen mata:
Ina so in ƙara magana a kan zaman bakin gadon da likita ya ambata, domin mutane suna raina shi. Wanda ya daɗe a kwance, idan ya miƙe farat ɗaya, jini yakan taru a ƙafafunsa, awon jininsa ya faɗi, jiri ya kwashe shi. A wurinmu idan lambar sama ta awon jini ta ragu da 20, ko ta ƙasa ta ragu da 10, cikin minti uku da miƙewa, mun san akwai matsala. Wata Hajiya da aka yi wa tiyata ta taɓa tashi da asuba za ta yi alwala, ba ta tashi 'yarta ba saboda kara, ita kuwa tayil ɗin banɗaki a jiƙe yake, silifas ɗinta kuma ya suɗe. A ƙasa na same ta, robar ƙarin ruwa ta fizge, jini ya ɓata mata hannun riga. Allah ya tsare ba ta karye ba. Tun daga ranar nakan ce wa kowace mara lafiya, “Mama, ko tsakar dare ne ki tashe mu, aikinmu ke nan.” Kafin a motsa kowa kuma nakan bi robar ƙarin ruwa da ta fitsari da ido, in tabbatar babu wadda ta maƙale, jakar fitsarin kuma tana ƙasa da mara.

Wadda ta yi jinyar mahaifiyarta:
Ni wata takwas na yi ina jinyar Innarmu, kuma abin da ya cece ni shi ne zanen gado mai ƙarfi da wata nas ta nuna mini in ninka biyu in shimfiɗa mata daga kafaɗa zuwa cinya. Idan ta zame ƙasa, ni da yayata sai mu kama zanen ta gefe biyu, mu naɗe bakinsa kusa da jikinta, mu matsar da ita sama a tare, maimakon jan da muke yi mata a da har fatar bayanta ta saluɓe. Duk awa biyu muke juya ta, muna duba dunduniya da ƙugu da ƙashin mazaunai, domin a nan gyambon kwanciya yake farawa.

Ma'aikacin jinya, Ingila:
A nan inda nake aiki, ɗaga mutum ta hammata abu ne da aka daina tuntuni, kuma tun 1992 akwai dokar da ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata nauyin rage haɗarin ɗaukar kaya da hannu, wadda ta shafi asibitoci. Idan mara lafiya ba ya iya tsayuwa, na'urar ɗagawa ake kawowa. A Amurka ma shawarar da masana lafiyar ma'aikata suka bayar ita ce kada abin da mutum ɗaya zai ɗauka na nauyin mara lafiya ya wuce kimanin kilo 16.

Ma'aikaciyar jinya, sashen mata:
Malam, maganarka gaskiya ce, sai dai mu na'urarmu ita ce bayanmu, kuma nawa ya riga ya gaya mini tun shekara ta biyar da fara aiki. Abin da ya rage mana shi ne idan gadon yana hawa mu ɗaga shi daidai ƙugunmu, mu matso da mara lafiya kusa da jikinmu, mu juya da ƙafa maimakon murɗa baya, sannan mu daina jin kunyar kiran mutum na biyu ko na uku. Idan kuma mutum ya soma faɗuwa a hannunka, kada ka yi kokawar tsayar da shi. Ka kare kansa, ka sulalo da shi ta jikin cinyarka zuwa ƙasa.

Mai jinyar mahaifinsa, Zariya:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya likitan fisiyo ya duba kafaɗar, ya tsaya a kanmu muka gwada sau biyu. Da safen nan mun ajiye kujera a hagunsa, ya zauna a bakin gado har ya ce jirin ya sake shi, sannan na tokare gwiwarsa, ƙanena yana tallabe da hannun. Da na fara ƙirga, sai Baba ya ce in bari shi zai ƙirga da kansa, kuma sai da ya yi bismillah tukuna.