Hannun fedar hagu na ta kwancewa, a taimaka da shawara

Abban Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Keken nan nawa mai giya ɗan gwanjo da nake zuwa shago da shi, hannun fedar hagu ne ya dame ni. In na taka sai in ji ƙas ƙas ƙafar na ɗan zamewa, na ɗaure ƙusar tsakiyar jiya da safe kafin la'asar ta sake saki. Yau ma haka. Dan Allah me ake yi masa?

Malam na Gwale: Wa alaikumus salam. kama hannun biyu ka girgiza gefe da gefe, in tare suke motsi to boris ɗin tsakiya ne, in na hagun ne kaɗai ke rawa to shi ne mai laifin

Abban Sadik: na hagun ne kaɗai Malam

Baba Tela: Abban Sadik dan girman Allah ka sauka daga kan keken nan tun yau, kar ka ƙara taka shi ko nan da bakin titi. Abin da ya same ni bara kenan. Ka ga sandar tsakiyar nan ƙarfe ce mai kusurwa huɗu, bakinta a tsuke gindinta da kauri, shi kuma hannun fedar alminiyam ne mai taushi, ƙusar aikinta kawai ta tura hannun ya hau sandar ya matse. To da zarar ya saki kana ci gaba da takawa, ƙarfen ne ke cin alminiyam ɗin kaɗan kaɗan har ramin ya buɗe. Ni na yi kusan sati biyu da makulli a aljihu, duk inda na tsaya in ɗaure, ina ganin dabara nake yi. Ranar da abin ya faru na ɗauko ɗinkin mutane na biki a bayan keke, na miƙe tsaye zan hau gada sai hannun ya fita gaba ɗaya da fedar a ƙafata, na zube, gwiwata ta ɗaye, ga a daidaita sahu a bayana Allah ne ya tsare. Da na ɗauki hannun na duba ramin, kusurwoyin nan huɗu duk sun shafe sun yi sumul suna ƙyalli, ga garin alminiyam baƙi ƙirin ya ɓata min yatsu. Na kai wa wani mai gyara ya ce a bar masa, ya yanka gwangwanin madara ya cusa ya buga da guduma ya karɓi kuɗina, kwana uku bai yi ba ya dawo yadda yake, kuma dukan gudumar nan ya taɓa boris ɗin ya fara gurnani. Ƙarshe hannu na saya, boris ma na canza. Ka cire naka ka duba ramin da idonka, in kusurwoyin na nan da kaifinsu ka goge ka mayar ka ɗaure tamau, in sun cinye to babu ɗaurin da zai riƙe shi, canji ne kawai

Ɗan Zariya: gwangwani na yi fa Baba, nawa ya fi wata huɗu da shi. sai dai na lemo ake sawa ba na madara ba, ya fi siriri

Baba Tela: ya yi maka saboda naka bai ci sosai ba. kuma ba ka ɗaukar kaya

Ɗan Zariya: buhun masara nake ɗauka Baba

Mai Shayi: rabin buhu dai, mun san Zage-zagi da ƙarin gishiri

Ɗan Zariya: Bakano ne zai yi wa wani maganar ƙarin gishiri? to

Injiniya: Matsalar yawancinmu ƙaramin makulli. Ƙusar nan in mai rami ce alanki lamba 8 take ci, wato makullin nan mai kusurwa shida da ake zurawa a ramin, in mai kai ce soket 14, wasu 15, kuma ɗaurin da ake so wajen 40 Nm ne (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), wannan ɗan alankin mai tsawon yatsa ba zai taɓa kai ta nan ba. A samu dogo ko a zura masa bututu. Bayan an hau kwana ɗaya a sake dubawa sau ɗaya, shikenan, ba kullum a yi ta ƙara mata ba sai hannun ya tsage

Abban Sadik: wallahi ƙaramin ne da ni. amma na ji an ce ta hagu baibai ake ɗaure ta?

Injiniya: a'a feda ce ta hagu ke da zaren baibai. ƙusar hannun duka biyun dama ake ɗaurewa

Malam na Gwale: a shafa giris a sandar kafin a mayar

Injiniya: a zaren ƙusar dai Malam, sandar ni a bushe nake barinta

Malam na Gwale: shekara nawa ina shafawa ban ga abin da ya lalace ba, shi ke hana ƙarar nan ma da damina

Injiniya: in da giris hannun na hawa ya wuce inda ya kamata

Malam na Gwale: in mutum ya san hannunsa ba ya wucewa

Alhaji Babba: Mu da muka hau Rali da Phoenix ba mu san wannan wahalar ba. Hannun ƙarfe ne, ƙusa ce guda ake bugawa ta gefe da ɗan notinta, in ta ci a fitar a sa sabuwa a ɗan goga mata fayil ta zauna. Nawa har yanzu yana zaure jikana ke zuwa islamiyya da shi

Mai Shayi: Allah ya ƙara lafiya Alhaji, amma Rali ba ta hawa tudu sai an sauka an tura

Alhaji Babba: ƙafa ce ba ku da ita ku yaran yanzu

Ɗan Zariya: ko a kai mai walda ya ɗana masa kawai a huta

Baba Tela: kar ka soma. alminiyam da ƙarfe ba sa kama juna a walda, in ma ƙusar ya liƙe ranar da boris ya mutu da me za ka cire

Injiniya: In ta kai ga saye ka tafi da tsohon a hannunka. Duba bayansa kusa da ramin feda akwai lamba, 170 ko 175, tsawonsa kenan a milimita, ka sayi daidai da na dama. Sannan ka lura da yadda ramin ya zauna, wani a miƙe yake da hannun wani a karkace, in ka sayi wanda bai dace ba fedojin ba za su yi saiti da juna ba. Na gwanjo mai kyau irin Shimano ya fi sabon da ba suna

Abban Sadik: na cire yanzu, ko abin cirewa ban nema ba da hannu ya zare. kusurwa biyu sun shafe, biyu da sauransu

Baba Tela: ya tafi. sayi wani

Ɗan Zariya: gwada gwangwanin tukun ka ga

Mai Shayi: wai wa ke da famfo a kusa, tayar bayana ta sace tun asuba